Rumfar Lambu da Ɓarnar Dodon Koɗi

Jama'a, masu shirin kafa ɗakin gilashi don alayyafo da barkono, ku dakata. Turawa don sanyi suke gina shi. Mu kuwa a Kuala Lumpur zafi da ruwan sama ke damunmu. A yi rufin leda irin na manoman Cameron Highlands, gefe kuwa raga, iska ta ratsa.

Amma fa rumfa ba ta hana dodon koɗi. Ƙaton nan, watau siput babi, daga Afirka ta Gabas ya shigo Malaya wajen 1911. Da dare yake ɓarna. A fita da tocila bayan lisha a tsince shi, a jefa cikin ruwan gishiri. Kada gishirin ya taɓa ƙasar shuka. Ganye kuwa a wanke sarai, don dodon yakan ɗauki tsutsa mai cuta.