Makami Mai Linzami Ma Sai Ya Ɗau Zafi

Wanda ya riski tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ya san halinta: ka kunna, ka zauna, sai can hoto ya fara leƙowa. Abin da ke cikinta ne ke ɗaukar zafi. To, irin wannan jira ya taɓa hana injiniyoyin Amurka da na Tarayyar Sobiyet barci.

Kafin taransista ta yi ƙarfi, ƙwaƙwalwar makami mai linzami wasu 'yan kwalabe ne da aka zuƙe iskar cikinsu. Kowace tana da siririyar waya da ke gasa wani ƙarfe har zafinsa ya kai digiri 700 ko fiye. Sai ya gasu yake sakin ƙwayoyin lantarki, kuma da su kwalbar ke aiki. Wannan gashi kan ci daƙiƙa 10 zuwa 30. A falo ba komai ba ne. Amma jirgin yaƙi mai gudun kilomita 900 a awa yana shafe kilomita biyar cikin daƙiƙa 20.

Gaba kura, baya sayaki. Idan an bar kwalaben a kunne kullum, suna shan wuta, suna zafi, suna saurin mutuwa, kuma mutuwar ɗaya na iya makantar da makamin. Idan an kashe su, abokin gaba ba zai tsaya jiranka ba.

Dabarar da aka yi wa makami mai linzami Sidewinder, wanda sojan ruwan Amurka suka fara amfani da shi a 1956, ita ce jirgin da ke ɗauke da shi ya riƙa ba shi wuta tun yana maƙale a fiffike, don a harba shi da ɗuminsa. Tun a Yaƙin Duniya na Biyu ma an san wata hanyar: harsasan igwa masu fashewa kusa da jirgi an sa musu ƙananan kwalabe masu waya siririya ƙwarai, wadda ke yin ja nan take, baturinsu kuma sai an harba yake farkawa.

Abin mamaki, tun 1947 aka ƙirƙiro taransista, wadda ba ta buƙatar gashi ko kaɗan. Sai dai soja ba ya saurin sakin abin da ya gwada ya amince da shi, kuma ban ga laifinsa ba. A 1976, da matuƙin Sobiyet Viktor Belenko ya gudu Japan da jirginsa MiG-25, waɗanda suka kwance jirgin sun tarar da na'urar radarsa cike da kwalabe.