Sirrin Gwamnati da 'Yancin Jarida: Darasi Daga Bakolori

Gabatarwa

A mulkin dimokuraɗiyya hukuma wakiliyar jama'a ce, don haka jama'a na da haƙƙin sanin abin da ake aikatawa da sunansu. Akwai bayanan da maslaha ke sa a sirranta su, kamar shirin yaƙi. Matsala tana tasowa ne idan aka fake da sirri domin rufe kuskure ko zalunci. Rikicin Bakolori na 1980 misali ne da ke fayyace wannan.

Asalin Rikicin

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan da aka tare ya tashi dubban mutane daga gidajensu a yankin Maradun, yayin da aka karɓe gonaki a Talata Mafara da Bakura domin shirya su don noman rani. Manoma sun koka game da jinkirin biyan diyyar gonaki da itatuwa, da kuma daminun da suka wuce ba su yi shuka ba. Da kukansu bai yi amfani ba, sai suka datse hanyoyin shiga wuraren aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka kuma ƙona gidaje. Wannan ya auku ne a zamanin farar hula, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ke shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa kuwa ke gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato.

Saɓanin Alƙaluma

Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai 30 ba, amma masu bincike da 'yan adawa sun ambaci fiye da 380. Dalilai biyu sun taimaka wajen ɗorewar wannan tazara. Na farko, kafafen da ke kusa da manoma na hukuma ne. Gwamnatin tarayya ta karɓe New Nigerian a 1975, kamfanin ne kuma ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a wancan lokaci, sannan ba a ba 'yan kasuwa damar kafa rediyo da talabijin ba sai 1992. Na biyu, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗauri ga ma'aikacin da ya fitar da takardun sirri. Ke nan wanda ya ga gaskiya a cikin fayil yana da dalilin kame bakinsa. Shi ya sa yawancin abin da aka sani ya fito daga rubuce-rubucen masana irin su Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman.

Matsayin Mai Kwarmato

Mai kwarmato shi ne ma'aikacin da ya fallasa ɓarnar da ya gani a wurin aikinsa domin amfanin jama'a. Ya bambanta da magulmaci, domin yana riƙe da hujja, kuma yakan jefa aikinsa cikin haɗari. Ko a Amurka, an gurfanar da Daniel Ellsberg saboda fitar da takardun yaƙin Biyetnam a 1971, kafin kotu ta yi watsi da ƙarar a 1973. A Nijeriya kuwa, Doka ta 4 ta 1984 ta yi sanadin ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor.

An samu sauyi daga baya. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen watsa labarai nauyin bin diddigin ayyukan gwamnati. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani daga ma'aikata, ta wajabta amsa cikin kwana bakwai, ta kuma kare jami'in da ya bayyana ɓarna da kyakkyawar niyya. A 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin ba mai kwarmato ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato, sai dai wannan tsari ne na ma'aikata, ba dokar majalisa ba.

Kammalawa

Bakolori ta nuna cewa zaɓe kaɗai ba ya hana rufa-rufa. Idan jarida ba ta da 'yanci, mai shaida kuma ba shi da kariya, har adadin mamata sai ya zama abin jayayya. Wajibi ne malami ya horar da ɗalibansa su riƙa tambayar wa ya faɗi magana, da wace hujja, kuma muryar wa ba a ji ba.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai biyu da suka haddasa saɓanin alƙaluman mamata a Bakolori.
2. Bambance tsakanin mai kwarmato da magulmaci.