Lambun Uhuru na Nairobi

In Allah ya kai ka Nairobi, babban birnin Kenya, ka kai iyalinka Lambun Uhuru. Yana tsakiyar gari, ga inuwa, ga ɗan tafki. Shugaba Jomo Kenyatta ya buɗe shi a 1969.

Saura kaɗan a rasa shi. A 1989 gwamnati ta shirya gina bene mai hawa 60 a ciki. Wata mace, Wangari Maathai, ta ce atafau ba za a yi ba. Aka ce mahaukaciya ce, kotu ta kori ƙararta, amma ba ta fasa ba. A 1990 masu ba da kuɗin suka janye.

Filin wasan yaran garinku fa, wa ke tsaronsa?