Nutso a Ruwa Mai Zurfi: Darasi Daga Dam ɗin Challawa

1.0 Gabatarwa

Su na ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa, kuma nutso reshe ne daga cikin rassansa. Wannan darasi zai yi bayanin ma'anar nutso, da yadda masunta ke yin sa a yankin Karaye da Rogo, sannan ya kwatanta shi da nutson zamani. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa ruwa mai zurfi da sanyi yana da ƙa'idojin da ba sa sauyawa a ko'ina.

2.0 Ma'anar Nutso

Nutso shi ne mutum ya shige ƙarƙashin ruwa da gangan, ya ɗauki wani lokaci a can domin biyan wata buƙata. Ya bambanta da iyo ko ninƙaya, waɗanda ake yi a saman ruwa. Masunci kan yi nutso don ya kuɓutar da tarun da ya maƙale, ko ya lalubo tarwaɗa a rami, ko ya ɗauko kayan da suka faɗa ruwa. Haka kuma idan ruwa ya ci mutum, masunta ake kira, bisa jagorancin Sarkin Ruwa, su nemo shi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, nutso na cikin wasannin kabanci da ake gasa a kansu.

3.0 Dam ɗin Challawa

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka a yammacin Jihar Kano. A da, masuntan yankin sun saba da rafuka da gurabun kogi waɗanda ke ja baya da rani. An gina Dam ɗin Challawa a ƙasar Karaye tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonsa ya kai mita 42, kuma yana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Samuwarsa ta bunƙasa sana'ar su, amma ta zo da ruwa mai zurfin da kayan gargajiya, irin su gora da homa, ba a ƙirƙire su dominsa ba. Ƙarƙashin ruwan dam akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, da laka mai hana gani, da tsofaffin tarunan da ke iya harɗe ƙafa.

4.0 Nutson Zamani

Masuncin gargajiya da numfashi guda yake nutsewa, don haka bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba. A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar shaƙar iska daga tukunyar da ya goya a bayansa. Mai wannan nutso yana sanya tabarau, da takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da riga ta musamman mai tsare ɗumin jiki.

Da waɗannan kaya ake nutso a gaɓar tekun ƙasashe masu sanyi. Fitaccen misali shi ne Scapa Flow, a tsibiran Orkney na arewacin Sikotilan. A nan ne sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu na yaƙi 52 a watan Yuni na 1919. An ciro mafi yawansu, amma manya guda bakwai na nan kwance, kuma masu nutso kan zo daga ƙasashe daban-daban domin ganinsu.

5.0 Ƙa'idojin Ruwa Mai Zurfi

Ko da yake Karaye ta yi nisa da Orkney, abubuwa uku ne ke barazana ga mai nutso a wuraren biyu.

Na farko shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke doron ƙasa. Wannan ne ke jawo zafin kunne, har dodon kunne ya fashe. Mai tukunyar iska kuwa, tilas ne ya taso a hankali, domin idan ya yi gaggawa iskar naitirojin da ta narke a jininsa takan yi kumfa, ta haddasa ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa.

Na biyu shi ne sanyi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska da kusan ninki 25. Da bazara saman ruwan dam kan yi ɗumi alhali ƙasansa na da sanyi, da hunturu kuwa har saman kan yi sanyi. Faɗawa ruwan sanyi kwatsam yana sa mutum ya ja numfashi ba da niyya ba, jimawa a ciki kuma tana kashe ƙarfin hannuwa da ƙafafu.

Na uku shi ne ƙarancin iska. Wasu kan yi ta jan numfashi da sauri kafin nutso don su daɗe. Yin hakan yana jinkirta alamar da ke gargaɗin mutum ya fito, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa bai sani ba. Saboda haka ba a nutso ba tare da abokin da ke sa ido ba.

6.0 Kammalawa

Hausawa na cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Masuntan Karaye da Rogo sun gaji gwaninta daga iyaye, amma dam ya fi gurbin kogi zurfi da sanyi. Malamin da zai koyar a irin waɗannan ƙauyuka yana da alhakin sanar da yara waɗannan ƙa'idoji, tun da su ne ke zuwa wanka da shayar da dabbobi a bakin ruwa.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin nutso da ninƙaya.
2. Bayyana haɗurra uku da mai nutso ke fuskanta a ruwa mai zurfi.