Me ya sa kamfanonin madara ba sa bin shanu inda suka fi yawa?

Wanda ya hau tsaunin Mambila a jihar Taraba zai rantse nan ne cibiyar madarar Najeriya. Ga sanyi, ga ciyawa shar iya ganin ido, ga garkunan shanu a kan tudun da ya haura mita 1,500, inda ƙudan tsando mai kawo sammore ba ya iya zama. Amma manyan kamfanonin madara ba can suka nufa ba.

Dalilin yana cikin madarar kanta, don ba ta da haƙuri. A irin zafin ƙasar nan, idan aka tatse ta ba a sanyaya ba cikin awa biyu zuwa huɗu, sai ta fara juyawa. Matan Fulani sun daɗe da maganin wannan: a bar ta ta kwana a ƙwarya ta zama kindirmo, a kaɗe a cire man shanu, a ɗauki nono zuwa kasuwa. Kamfani kuwa ɗanyar madara yake so, a cikin tankin da ke riƙe ta a maki 4 na ma'aunin sanyi. Saboda haka kafin ya ƙirga shanu, sai ya lissafa tsawon lokacin da ɗan acaba zai ɗauka daga ruga zuwa tanki a watan Agusta, lokacin da hanya ta zama taɓo. Tankin kuma na son wuta ko sola, yana son ruwan wanke tuluna. Daga Gembu da ke kan tsaunin Mambila zuwa babbar kasuwa, motar madara sai ta gangaro hanyar dutse mai kwana-kwana ta yi tafiyar sa'o'i masu yawa.

Wannan lissafin ne ya kai FrieslandCampina WAMCO, masu madarar Peak, jihar Oyo. Sun kafa cibiyoyin karɓar madara a wurare irin su Fasola da Iseyin. Shanun Oyo ba su kama ƙafar na Arewa a yawa ba, amma akwai Fulanin da suka zauna wuri guda shekara da shekaru, damina na da tsawo, masana'antar kamfanin kuma na Legas. Haka abin yake a Nijar, inda cibiyoyin Kollo da Hamdallaye ke kusa da Yamai, nesa da makiyayan arewacin Tawa.

Zama wuri guda shi ne babban ƙalubale a Arewa. Saniyar Bunaji, a kiwon gargajiya, lita 1 zuwa 2 take bayarwa a rana bayan ɗan maraƙi ya sha nasa, da bazara kuma ko hakan ba a samu. Idan ciyawa ta ƙare garke ya yi kudu, tankin da aka kashe miliyoyi a kansa ya zauna wayam. Makiyayin da zai tsaya sai wanda ke kusa da fadama ko dam, yana samun harawa da dusa da angurya a farashin da zai iya. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, sai dai da yawa daga cikin wuraren an nome su, wasu kuma ba a taɓa kai musu ruwa ba.

Masu kawo shanun Turai kuma wata damuwar ke gare su. Saniyar Holstein na iya ba da lita 25 ko fiye a rana, amma tana iya shan ruwa lita 100, kuma zafi na karya ta. Ba banza ba kiwon madara ya yi saiwa a Vom da ke tudun Jos, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Da kamfanin Arla, masu Dano, suka buɗe gonarsu a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a jihar Kaduna a 2023, sai da suka gina rumfuna masu sanyaya shanun da suka kawo daga Denmak. Ƙaramin makiyayi ina zai kai wannan?

Sai tsaro. Babu mai ajiye shanu masu tsada a gefen dajin Rugu ko na Kamuku, alhali rugagen da ke can su ne suka fi buƙatar mai saye.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi a ofis ba. A al'adar ruga, shanu na maigida ne, amma nono na uwargida ne. Da shi take cefane, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta. Idan cibiya ta zo, za ta auna kuɗin lita da abin da take samu a nono da man shanu da fura, ta kuma duba ko kuɗin zai shigo hannunta ne ko asusun mijinta. Inda farashin bai gamsar da ita ba, ko madarar gari ta ƙasashen waje ta danne kasuwa, sai ta ɗora ƙwaryarta ta wuce cibiyar ta nufi tasha, ma'aikacin tanki kuma ya rubuta cewa madara ta yi ƙaranci a yankin.