Mu Kira Laifi da Sunansa

Karatu: Ishaya 5:20, Markus 10:45

Yau za mu yi ɗan darasin Turanci tare, a kan kalmomin da ake kiran laifi da mugun aiki da su. 'Ya'yanmu suna karatu da Turanci a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara. Bayanin da muke bayarwa a ofishin 'yan sanda, da Turanci ake yawan rubuta shi. Wanda ya dangwala hannu a takardar da bai fahimta ba, yana iya amsa laifin da bai yi ba.

Bari mu fara da ɗaukar abin wani. Idan mutum ya ɗauke akuyar maƙwabcinsa ba da yardarsa ba, wannan “theft” ne, wato sata. Idan ya tare hanya ya ƙwace da ƙarfi ko da makami, ya zama “robbery”, wato fashi, hukuncinsa kuwa ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Fasa gida don yin sata “burglary” ne. Kore shanu daga ruga “cattle rustling” ne. Tilasta wa ƙauye biyan kuɗi kafin a bar su su yi noma ko girbi, shi ne “extortion”.

Akwai kalmomin da baƙin ciki ne ya koya mana su. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon watan Maris. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya, cikin Maradun. Jaridun Turanci sun kira wannan “abduction” ko “kidnapping”, abin da muke ce wa garkuwa da mutane. Kuɗin da ake nema kafin a saki mutum shi ne “ransom”, wato fansa. Shekaru da yawa ana kiran masu wannan aiki “bandits”, sai a watan Nuwamba, 2021, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin “terrorists”, wato 'yan ta'adda. Da suna ya sauya, dokar da za a hukunta su da ita ma ta sauya. Kun ga suna ba abin wasa ba ne.

Sai laifofin da ake yi da biro da murmushi. “Bribery” shi ne cin hanci, mai bayarwa da mai karɓa duk suna ciki. “Fraud” ita ce zamba; lambar nan 419 da kowa ya sani, sashe ne na dokar manyan laifuffuka da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. “Embezzlement” kuwa shi ne mutum ya ci kuɗin da aka ba shi amana, ko na ofis ne, ko na adashe, ko na baikon ikilisiya. “Perjury” ita ce shaidar zur bayan an yi rantsuwa. “Slander” shi ne ɓata sunan mutum da baki.

A kotu ma sai mu lura. “Suspect” wanda ake zargi ne kawai. “Accused” wanda aka gurfanar ake tuhumarsa. “Convict” shi ne wanda alƙali ya samu da laifi. Kada mu kira ɗan'uwanmu ɓarawo alhali zargi kaɗai ake yi masa. In alƙali ya tambaya “guilty or not guilty”, yana nufin, ka amsa laifin ko ba ka amsa ba? Wanda bai gane ba, yana da haƙƙi ya nemi tafinta, babu kunya a ciki.

Yanzu ga kalmomi biyu da suka fi sauran nauyi. “Crime” laifi ne ga dokar ƙasa. “Sin” zunubi ne a gaban Allah. Ƙyashi da girman kai da riƙo a zuci, babu ɗan sandan da zai kama mu dominsu, amma zunubi ne. Mutum yana iya fita daga kotu an wanke shi, alhali lamirinsa yana ƙararsa dare da rana.

Annabi Ishaya ya yi kashedi ga masu juya sunan mugunta su mai da ita nagarta. Mu ma mun iya wannan. Cin hanci mun sa masa suna goro ko na shan ruwa. Satar amsa a jarrabawa, wadda ake ce wa “examination malpractice”, mun ce taimako ne. Gulma mun ce muna faɗa ne don a yi addu'a. Mai ciwon da ya ɓoye wa likita sunan cutarsa, da wuya ya sami magani. Haka yake ga tuba: sai mun faɗi ainihin abin da muka yi.

Saboda haka, iyaye, mu zauna da yaranmu da ƙamus a hannu, mu ɗauki kalma biyu ko uku a mako, mu nemi ma'anarsu da Hausa, mu tambayi kanmu ko akwai irin wannan a gidanmu. Mu tuna kuma, kalmar nan “ransom” da ta sa iyalai da yawa kuka a ƙasarmu, ita ce ke cikin Markus 10:45, inda Yesu ya nuna ransa ne zai bayar fansa dominmu. Shi bai nemi ko kwabo daga hannunmu ba.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu gaskiyar kiran zunubinmu da sunansa. Ka komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ka ta'azantar da iyalansu, ka ba ƙasar Zamfara salama. Amin.