Ranar ta zo ta wuce, duniya ba ta tashi ba: wa ke kwana a ciki idan hasashen ƙarshen duniya ya ƙi ci?

A ranar 25 ga Disamban 2025, yayin da Kiristoci ke bikin Kirsimeti, akwai mutane a Ghana da hankalinsu ke kan sararin samaniya. Wani mutum da aka fi sani da Ebo Noah ya shafe watanni yana sakin bidiyo a TikTok, yana nuna jiragen ruwa na katako da ya ce Allah ne ya umarce shi da sassaƙawa, domin daga wannan rana za a soma ruwan ɗufana irin na zamanin Annabi Nuhu (AS). Rana ta zo ta wuce garau. Sai ya fito ya ce ya yi addu'a, an ɗage bala'in. Kafin shekarar ta fita, ƴan sandan Ghana sun kama shi.

Wata uku kafin haka, wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Joshua Mhlakela ya yi iƙirarin cewa Yesu Almasihu ya bayyana masa, ya shaida masa cewa za a ɗauke masu bi zuwa sama a ranakun 23 da 24 ga Satumba. Maganar ta zagaya duniya ta wayar salula. Da ranakun suka wuce, sai aka matsar da su zuwa watan Oktoba. Shi ma Oktoban ya wuce.

Irin waɗannan bidiyoyi ba sa tsayawa inda aka ɗauke su. Ɗan ci-rani a Akara ko Abijan ya tura wa ƙaninsa a Maraɗi, daga nan su faɗa rukunin WhatsApp na dangi, da dare a tattauna su a fada ana shan shayi. Yawancin masu kallo dariya suke yi su wuce. Amma tarihi ya nuna cewa duk lokacin da aka yanke wa duniya rana, akwai waɗanda ke ɗaukar maganar da gaske, kuma su ne ke kwana a ciki.

Gonaki, ajiya da rayuka

A Amurka, mabiyan wani mai wa'azi William Miller sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoban 1844. Wasu manoma daga cikinsu ba su girbe amfanin gonarsu ba, don a ganinsu babu mai ci. Gari ya waye, ga sanyi na tafe, ga rumbu wayam.

Shekara 167 bayan haka, Harold Camping, shugaban gidan rediyon Family Radio da ke jihar Kalifoniya, ya sanar da cewa 21 ga Mayun 2011 ce ranar hisabi. An kafa allunan talla a ƙasashe da dama. Wani tsohon ma'aikacin sufuri a birnin New York ya kashe dalar Amurka 140,000 daga ajiyarsa ta tsufa, sama da miliyan 60 na CFA a lokacin, wajen tallata ranar. Camping ya matsar da ita zuwa 21 ga Oktoba, daga baya a watan Maris na 2012 ya amsa cewa ya yi kuskure, kuma yunƙurin tsayar da ranar zunubi ne. Ya mutu a 2013 yana da shekara 92. Kuɗin mabiyansa ba su dawo ba.

A Afirka abin ya wuce asarar dukiya. A garin Kanungu na Yuganda, wata ƙungiya ƙarƙashin Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde ta shaida wa mabiyanta cewa duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mutane suka sayar da filaye da dabbobi suka miƙa kuɗin ga shugabanni. Da shekarar 2000 ta shigo lafiya, wasu suka fara neman a mayar musu da kayansu. Ranar 17 ga Maris aka tara ɗaruruwan mabiya cikin ɗakin ibada, aka toshe ƙofofi da tagogi, wuta ta tashi. Bayan an tono wasu gawawwakin a gidajen ƙungiyar, adadin mamatan ya haura 700.

A dajin Shakahola na Kenya kuwa, tun daga watan Afrilun 2023 jami'ai sun tono gawawwaki sama da 400, da yawansu na yara. Ana tuhumar Paul Mackenzie da umartar mabiyansa su yi azumi har mutuwa domin su gana da Yesu kafin ƙarshen duniya. Ya musanta tuhumar a gaban kotu.

Ba Kiristoci kaɗai ba

Musulmi ma sun ɗanɗana. Da asubahin 20 ga Nuwamban 1979, ranar farko ta shekarar 1400 ta Hijira, Juhaiman al-Utaibi da ɗaruruwan mutane ɗauke da bindigogi suka mamaye Masallacin Harami na Makka, suka ce surukinsa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahadin da ake jira. An shafe mako biyu ana ba ta kashi, ɗaruruwa suka mutu, ciki har da wanda aka kira Mahadin. A watan Janairun 1980 aka zartar wa mutum 63 hukuncin kisa.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba baƙin wannan jira ba ne. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, dubban mutane sun bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, da yawansu da imanin cewa zamani ya zo ƙarshe kuma a can za a tarbi Mahadi. An kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar, waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda jikokinsu ke zaune a garin Mai Wurno har yau. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya tayar wa Faransawa da tawaye a Kobkitanda cikin yankin Doso, daga baya ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato. A watan Maris na 1906 sojojin Ingila suka shafe garin Satiru, suka kashe mutum kusan 2,000.

Waɗannan mutane ba ƴan damfara ba ne. Sun ga mulkin da suka sani ya rushe, ga haraji da aikin tilas, sai suka karanta halin da suke ciki a matsayin alamar ƙarshe. Haka maganar take samun kasuwa a duk lokacin da rayuwa ta yi ƙunci. A daminar 2024, da ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni na Damagaram ya rufta, ga tsadar abinci, ga rashin tsaro, ba abin mamaki ba ne mutum ya ce zamani ya zo ƙarshe. Matsalar tana farawa ne inda wani ya ɗauki wannan tsoro ya liƙa masa kwanan wata, sannan ya nemi kuɗi, ko mabiya, ko yawan masu kallo.

Maganar shekara 1500

Wani hasashe da ke yawo tsakanin matasan Musulmi shi ne cewa al'umma ba za ta wuce shekara 1500 bayan Hijira ba, wato wajajen 2076. Asalin maganar na komawa ga Imam Jalaluddin as-Suyuɗi, malamin Masar da ya rasu a 1505, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. Abin da masu yaɗa maganar ba su cika faɗa ba shi ne dalilin rubutunsa: a zamaninsa mutane sun firgita cewa duniya za ta tashi a shekara ta 1000 ta Hijira, shi kuma ya rubuta ne don ya nuna za a wuce ta. Adadin 1500 lissafinsa ne da ya gina kan wasu ruwayoyi, ba aya ba ce. Tun kafin shi, Ibn Kasir ya bayyana cewa ruwayoyin da ke ƙayyade shekarun duniya ba su inganta ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau, ya fuskanci irin wannan jarrabawa. Wasu mabiyansa sun ɗauka shi ne Mahadi. Ya rubuta ƙarara cewa ba shi ba ne, ya kuma gargaɗi jama'a kan masu wannan iƙirari.

Inda littattafan suka haɗu

Musulunci da Kiristanci sun yarda akwai ranar ƙarshe, kuma tana da alamomi. Sun kuma haɗu a kan cewa lokacinta ba ya hannun kowa. Aya ta 187 cikin Suratul A'araf ta mayar da saninta ga Allah shi kaɗai, kuma a hadisin Mala'ika Jibrilu, Annabi Muhammad (SAW) ya nuna cewa shi da mai tambayarsa daidai suke wajen rashin sanin lokacin. A Linjilar Matiyu sura 24 da ta Markus sura 13, Yesu ya ce ko mala'iku ba su san ranar ba. Wanda ya tsayar da kwanan wata, ya yi iƙirarin sanin abin da annabawan da yake ambato suka ce ba su sani ba.

Haɗuwar ba ta tsaya nan ba. Da wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) yaushe alƙiyama za ta tsaya, sai ya mayar masa da tambaya kan abin da ya tanadar mata. A sura ta 25 ta Matiyu, an auna mutane ranar shari'a da ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishirwa, karɓar baƙo da gaida mara lafiya. Wani hadisin ƙudusi da ke cikin Sahihu Muslim ya zo da kusan wannan ma'auni: za a tuhumi bawa kan mara lafiyan da bai duba ba, da mai yunwar da bai ciyar ba. Manzo Bulus ma ya tsawata wa mutanen Tasalonika da suka ajiye aiki suka zauna, ya ce kowa ya ci daga guminsa.

Akwai kuma hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, wanda ke umartar wanda alƙiyama ta riska da dashen dabino a hannunsa ya dasa shi in yana da hali. Tsofaffin malaman Yahudu na da koyarwa mai kama da wannan: mai dashe a hannu ya gama dashensa kafin ya fita tarbar Almasihu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce a sayar da gona, a cire yaro daga makaranta, ko a bar ciwo babu magani.

Itatuwan Maraɗi

Misalin wannan koyarwa yana nan a ƙofar gida. A farkon shekarun 1980, lokacin da fari da zaizayar ƙasa suka mayar da gonakin Maraɗi fako, wani Kirista ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, ya lura cewa kututtukan da ake sarewa a lokacin sassabe suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Shi da manoman karkara, kusan dukansu Musulmi, suka fara barin ƴan tohon suna girma suna yi musu aski. Yunwar 1984 ta zo ta same su a kan aikin, ba su daina ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan dabara da manoma ke kira sassaben zamani ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Gawon da aka bari a gona a wancan lokaci, yau jikokin mai gonar ne ke ciyar da awaki da ƴaƴansa. Tun daga lokacin, ranakun tashin duniya da aka yanke sun zo sun wuce: 2000, 2011, 21 ga Disamban 2012 da aka jingina wa kalandar mutanen Maya, da 2025. Wata sabuwar ranar za ta sake shigowa wayoyi nan ba da jimawa ba, da murya mai ban tsoro da roƙon a tura wa mutum goma. Kafin a danna, akwai tambaya biyu da ta kamata a yi: wa ya ba mai maganar sanin da annabawa suka ce ba su da shi, kuma me zai samu idan an yarda da shi?